Shin Duniya Tana da Farko? Tambayoyi da Amsoshi Kan Mafarin Halitta da Hujjojin Samuwar Allah

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan tasowa idan aka ɗauko zancen asalin halitta, ko a wajen masu karatun tauhidi ko a wajen masu karatun kimiyya. A duk inda aka ce duniya a nan, ana nufin halitta baki ɗayanta, wato taurari da sararin da ke tsakaninsu da lokaci da duk abin da ke ciki, doron ƙasar da muke kai kuwa ɗan ƙaramin yanki ne daga cikinta.

Me ya sa batun farkon duniya yake da muhimmanci haka?

Saboda a kansa aka gina ɗaya daga cikin tsofaffin hujjojin samuwar Allah. Malaman tauhidi suna jera ta kamar haka: duk abin da yake fararre yana da wanda ya farar da shi, duniya kuwa fararriya ce, saboda haka duniya tana da wanda ya farar da ita. Alkindi ya yi amfani da irin wannan hujja a Bagadaza a ƙarni na 9, Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya ƙara mata kaifi, sannan a 1979 wani masanin falsafa ɗan Amurka mai suna William Lane Craig ya sake farfaɗo da ita a jami'o'in Turai da Amurka, ya kuma laƙaba mata sunan ilimin kalam don ya nuna inda ta fito. Jumlar farko ba ta cika samun masu musu ba, domin da wuya mutum ya yarda cewa wani abu zai ɓullo haka kawai ba tare da sababi ba. Nauyin gardamar duk yana kan jumla ta biyu.

Ashe akwai masu hankali da suka taɓa cewa duniya ba ta da farko?

Akwai, kuma manya ne. Arisɗo, masanin falsafar Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ganin motsi da lokaci ba su taɓa farawa ba, domin duk lokacin da aka nuna aka ce shi ne na farko, hankali yana iya tambayar abin da ya gabace shi. Ra'ayinsa ya yi rinjaye ƙarnoni da dama, har sai da wani malamin Kirista a Iskandariya, wanda Larabawa suka sani da Yahaya Annahawi, ya rubuta raddi a kansa a ƙarni na 6, hujjojinsa kuma suka shiga hannun malaman Musulmi bayan an fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, waɗanda suka ce duniya daɗaɗɗiya ce ba duka ne suka musanta Mahalicci ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce Allah ne sababin samuwar duniya, amma tun da Allah bai gushe ba yana mai iko da kyauta, to abin da ya samar ma bai gushe ba yana nan. Gazali ya ɗauki wannan magana a matsayin ɓata mai girma, ya sanya ta ta zama mas'ala ta farko a littafinsa Tahafutul Falasifa, Ibnu Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, kuma ya mayar masa da martani. Dukkansu sun yi imani da Allah, saɓaninsu yana kan yadda halitta ta dogara gare Shi ne.

Shin hankali kaɗai zai iya nuna cewa lokaci yana da mafari?

Nan ne gardamar ta fi daɗi, kuma har yau ba a rufe ta ba. Hujja ta farko ita ce, idan kwanakin da suka shuɗe ba su da iyaka, to kafin a iso yau sai an ƙetare adadi marar iyaka, abin da ba shi da iyaka kuwa ba ya ƙarewa ta hanyar ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Tun da ga shi mun iso yau, ashe abin da ya wuce yana da iyaka.

Hujja ta biyu ta Gazali ce, kuma daga taurari ya ɗauko ta. Mushtari yana kammala zagayensa cikin shekara 12, Zuhalu kuwa sai ya yi kusan shekara 30. Idan sun kasance suna zagaye tun fil azal, to zagayen Mushtari ya ninka na Zuhalu sau biyu da rabi, alhali kowannensu ba shi da iyaka, to ta yaya marar iyaka zai fi wani marar iyaka yawa? Ya kuma tambaya ko adadin zagayen nan yana rabuwa biyu daidai ko ba ya rabuwa, domin dole ya zama ɗaya daga ciki, kuma duk wanda aka zaɓa sai an faɗa cikin ruɗani.

Masu musu suna da amsa mai nauyi. Toma Akwinas, malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya ce ƙetarewa tana kasancewa ne daga wani wuri zuwa wani wuri, kuma duk ranar da aka ɗauka a baya, komai nisanta, tazarar da ke tsakaninta da yau mai iyaka ce, babu wata rana guda da take nesa da mu nisa marar iyaka. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma masanin lissafi Georg Cantor ya nuna cewa ana iya yin lissafi da adadi marar iyaka ba tare da cin karo da juna ba, kuma a irin wannan lissafi wani sashe yana iya yin daidai da dukkan abin da aka ciro shi daga ciki. Masu bin Gazali suna cewa abin da ya yiwu a takarda ba lallai ne ya yiwu a zahiri ba. A ganina hujjar Gazali tana da ƙarfin da zai sa mutum ya karkata zuwa ga cewa lokaci yana da mafari, amma ba ta kai matsayin da za ta tilasta wa kowane mai adalci ya sallama ba. Kant ma, masanin falsafar Jamus, a 1781, ya jera hujjar kowane ɓangare gefe da gefe ya ce hankali shi kaɗai ba zai iya raba wannan gardama ba.

To me kimiyyar zamani ta gano?

Ta gano cewa duniyar da muke gani tana da shekaru, kuma ba haka take ba tun asali. A 1915 Einstein ya fitar da nazariyarsa kan ƙarfin jawowa da ke tsakanin abubuwa masu nauyi, inda ya nuna cewa sarari da lokaci suna iya lanƙwashewa da miƙewa. Shi kansa ya ɗauka duniya a tsaye take cak, har ya ƙara wani adadi a lissafinsa a 1917 don ta zauna haka. A 1922 Alexander Friedmann na Rasha ya nuna cewa lissafin yana ba da damar sarari ya riƙa faɗaɗa, a 1927 Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya kai ga wannan sakamako da kansa, sannan a 1929 Edwin Hubble ya wallafa awon da ya nuna cewa gungun taurari masu nisa suna ƙara nisa da mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi sauri. Idan aka bi wannan faɗaɗa ta baya, sai a tarar da lokacin da komai yake a cure wuri guda cikin tsananin zafi.

Masana da yawa ba su so wannan sakamako ba. Fred Hoyle da abokan aikinsa biyu sun kawo wata nazariya a 1948 mai cewa duniya tana faɗaɗa amma ba ta da farko, domin sabon abu yana ta samuwa yana cike gurbi, kuma Hoyle ne ya fara kiran ra'ayin abokan hamayyarsa Big Bang, wato babbar fashewa, a wani shirin rediyo na BBC a 1949. Abin da ya raba gardamar ya zo a 1965, lokacin da Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da rahoton wani raunannen haske da ido ba ya gani, mai zuwa daga kowace kusurwa ta sama daidai wa daida, wanda zafinsa kimanin digiri 2.7 ne kawai a kan sanyi na ƙarshe, wato sanyin da babu wanda ya fi shi. Wannan shi ne ragowar zafin farko, ya kuma taso ne lokacin da duniya take da kimanin shekara 380,000. Akwai shaida ta uku: kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin abin da aka yi taurari da shi haidirojin ne, kusan kashi ɗaya kuma hiliyam, kamar yadda lissafin mintocin farko ya yi hasashe. A yau ana ƙiyasta shekarun duniya da biliyan 13.8.

Ke nan kimiyya ta tabbatar da cewa duniya ta fara daga babu?

Ba ta kai nan ba, kuma ya kamata mai kare imani ya faɗi haka da bakinsa kafin a faɗa masa. Abin da aka tabbatar shi ne duniya ta taɓa zama mai tsananin zafi da cunkoso, kuma tun daga nan take faɗaɗa. Roger Penrose da Stephen Hawking sun nuna, tsakanin 1965 da 1970, cewa idan aka bi nazariyar Einstein ita kaɗai, lissafin yana kaiwa ga wata iyaka da ba ya iya wucewa. Sai dai a daidai wannan iyaka, inda komai ya ƙanƙance matuƙa, dole a haɗa nazariyar Einstein da dokokin kwantam masu bayanin ƙananan ƙwayoyin zarra, kuma har yanzu babu nazariyar da ta haɗa su wadda gwaji ya tabbatar.

Duk da haka, alamu sun fi karkata zuwa ga mafari. A 2003 Arvind Borde da Alan Guth da Alexander Vilenkin sun nuna cewa duk duniyar da, idan aka ɗauki tarihinta gaba ɗaya, faɗaɗa take yi, ba za a iya miƙa tarihinta baya ba iyaka ba. Akwai kuma dokar zafi ta biyu, mai cewa ƙarfin da za a iya amfani da shi kullum raguwa yake yi: taurari suna ƙone makamashinsu, rana ma da take da shekara kimanin biliyan 4.6 tana da ranar ƙarewa, don haka da a ce wannan tsari ya kasance tun fil azal, da tuni komai ya huce. Masu ra'ayin cewa duniya tana faɗaɗa ta tsuke ta sake faɗaɗa suna fama da wannan doka tun shekarun 1930, lokacin da Richard Tolman ya nuna cewa kowane zagaye zai fi wanda ya gabace shi tsawo, wanda ke nufin zagayen suna gajarcewa idan aka koma baya. Har yanzu ana gina wasu nazariyoyi da suke ƙoƙarin kauce wa waɗannan sharuɗɗa, kuma ba a tabbatar da su ba, ba a kuma kore su duka ba.

Me ke akwai kafin farkon?

Idan lokaci kansa yana cikin abin da aka fara, to babu wani "kafin" da za a tambaya. Ogastin, malamin Kirista na Arewacin Afirka da ya rasu a shekara ta 430, ya ce an halicci duniya tare da lokaci, ba a cikin wani lokaci da ya riga ta ba. Gazali ma haka ya ce, ya ƙara da cewa rigayar da Allah ya yi wa duniya ba ta shekaru ba ce, ma'anarta ita ce Ya kasance babu duniya, sannan Ya kasance da duniya tare.

An ce wasu masana sun nuna cewa abu yana iya fitowa daga babu. Gaskiya ne?

A duba abin da suke kira babu. A kimiyyar kwantam, sararin da aka kwashe komai daga cikinsa yana nan da ƙarfi a cikinsa, yana da siffofi da ake aunawa, yana kuma bin dokoki. Wasu sun wuce nan, kamar Vilenkin a 1982, da Hartle da Hawking a 1983, suka kawo lissafin da sarari da lokaci kansu suke ɓullowa ba tare da wani lokaci da ya gabace su ba. Aiki ne na ƙwarai, amma ko a nan sai an fara ɗaukar cewa dokokin suna nan, tambayar kuma tana komawa kansu: me ya sa akwai waɗannan dokoki, kuma me ya sa akwai abin da yake bin su? Babun da malaman tauhidi suke nufi ba shi da ƙarfi ko doka ko wata siffa da za ta haifar da wani abu.

Idan gobe aka gano cewa duniya ba ta da farko, hujjar samuwar Allah ta rushe ke nan?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so mai karatu ya riƙe. Hujjar da aka gina kan farkon duniya za ta raunana, amma akwai wata da ba ta buƙatar farko ko kaɗan, kuma a ganina ta fi zurfi. Ibnu Sina ne ya tsara ta da kyau. Ya ce duk abin da yake samamme, ko dai samuwarsa wajibi ce, wato rashinsa ba ya yiwuwa, ko kuma mai yiwuwa ce kawai, wato zai iya kasancewa zai kuma iya rashin kasancewa. Duk abin da muke gani na kashi na biyu ne, domin yana canzawa, an harhaɗa shi daga sassa, kuma ana iya tunanin sa a wata siffa dabam. Abin da samuwarsa da rashinsa suke daidai a kan kansa yana buƙatar wani abin da ya rinjayar da samuwar.

Sai a ce to kowane abu ya samu daga wanda ya gabace shi, haka har ba iyaka. Amsar ita ce tsawon jerin ba ya kawar da buƙatar. Idan ka ga littafi a hannun wani ya ce aro ya yi, wanda ya ara masa ma ya ce aro ya yi, aka yi ta tafiya haka, yawan masu aron ba zai taɓa bayyana yadda aka yi littafin ya kasance ba, sai an kai ga wanda yake nasa ne. Jerin abubuwan da kowannensu aron samuwa ya yi, ko da ba shi da farko, gaba ɗayansa aro ne, yana kuma buƙatar wanda samuwa tasa ce ta kansa. Leibniz, masanin falsafar Jamus, ya taƙaita wannan a 1714 da tambayarsa cewa me ya sa akwai wani abu maimakon a ce babu komai. Akwinas, wanda ya yi imani cewa duniya tana da farko, ya ce wahayi ne ya sanar da mu haka, don haka bai gina hujjojinsa guda biyar a kan farkon ba.

To wa ya halicci Allah?

Hujjar ba ta ce komai yana da sababi ba. Cewa ta yi abin da ya fara, ko abin da zai iya rashin kasancewa, shi ne yake buƙatar sababi. Inda ta kai kuwa shi ne dole a sami wanda bai fara ba kuma rashinsa ba ya yiwuwa, in ba haka ba jerin ba zai sami abin tsayawa a kai ba. Tambayar wa ya samar da wanda ba a samar ba tana warware kanta.

Me zai hana a ce duniyar ce kanta wajibabbiya, a tsaya nan?

Wannan ce suka mafi ƙarfi, kuma ba a kawar da ita da wasa. Masanin falsafa David Hume ya kawo ta a ƙarni na 18, masanin falsafa Bertrand Russell kuma, a wata muhawara ta rediyo a 1948, ya ce duniya tana nan ne kawai, babu wani ƙarin bayani. Mai wannan ra'ayi bai yi tufka da warwara ba, amma ya biya farashi mai tsada: ya yarda a nemi dalilin kowane ƙaramin abu, wanda shi ne ginshiƙin kimiyya, sannan da aka zo kan mafi girman abu ya ce a daina tambaya. Ban da haka, duniya ba ta da kamannin abin da yake wajibi. Tana da shekaru, tana da sassa, tana canzawa, masana kuma suna iya rubuta lissafin wasu duniyoyi masu dokoki dabam ba tare da lissafin ya ci karo da kansa ba.

Ina matsayin hujjar tsari da daidaito?

Tana ƙarfafa sauran, ko da yake ita kaɗai ba ta isa ba. Masana sun lura cewa da wasu ma'aunai na asali sun sauya kaɗan, da taurari ba su haɗu ba, ko kuma da sinadaran da rai yake buƙata ba su samu ba. Misali mafi shahara shi ne ƙarfin da ke ƙara wa faɗaɗar sarari sauri, wanda aka gano a 1998: da ya fi haka girma sosai, da abubuwa sun watse kafin gungun taurari su dunƙule. Masu musu suna cewa wataƙila akwai duniyoyi masu ɗimbin yawa, mu kuma dole mu tsinci kanmu a wadda ta dace da rai. Ba a taɓa hango ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ko da suna nan, su ma masu yiwuwa ne, tambayar Ibnu Sina tana hawa kansu.

Waɗannan hujjoji suna kai mutum ga Allahn da ake bauta wa, ko ga wani sababi kawai?

Suna kaiwa wani zango mai nisa, sannan su tsaya. Wanda ya samar da sarari da lokaci ba zai zama jiki mai ɗaukar wuri ba, ba zai dogara da wani ba, kuma dole ya kasance mai iko. Gazali ya ƙara da cewa dole ya zama mai nufi, domin sababin da yake aiki bisa tilas, idan daɗaɗɗe ne, to abin da yake haifarwa ma zai zama daɗaɗɗe, fitowar fararre daga daɗaɗɗe kuwa ba ta yiwuwa sai da zaɓi. Amma sanin annabawa da shari'a da abin da ke bayan mutuwa yana da nasa hujjojin dabam, kuma Musulmi da Kirista da Bayahude duk sun yi amfani da hujjojin da aka ambata a sama alhali sun saɓa a kan waɗancan.

Ya dace a ce nassin addini ya riga kimiyya faɗin babbar fashewa?

A yi hattara sosai. Musulmi da yawa suna kawo aya ta 30 ta Suratul Anbiya, mai maganar sammai da ƙasa sun kasance a haɗe aka buɗe su, Kiristoci kuma suna kawo farkon Littafin Farawa. Babu laifi mai imani ya ga dacewa ya ji daɗi, amma malaman tafsiri na farko sun ba wa ayar ma'anoni fiye da ɗaya, daga ciki har da buɗe sama da ruwa da buɗe ƙasa da tsiro, kuma ɗaure nassi da nazariya guda yana sa duk gyaran da aka yi wa nazariyar ya zama kamar ya taɓa nassin. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabin da ya nuna cewa kimiyya ta shaida halitta, Lemaître kuwa, wanda shi ne uban nazariyar kuma limami ne, bai ji daɗin haka ba, domin yana ganin lissafinsa yana bayanin yadda duniya ta faɗaɗa ne, halittawa daga babu kuma mas'ala ce da awo ba ya kai wa gare ta.

Wane bincike ake jira nan gaba?

Abu biyu ne manya. Na farko shi ne nazariyar da za ta haɗa ƙarfin jawowa da dokokin kwantam, domin ita ce za ta faɗi ko iyakar da lissafin Penrose da Hawking ya kai gare ta mafari ce ta gaskiya ko kuwa mashiga ce zuwa wani yanayi da ya gabata. Na biyu shi ne neman sawun girgizar sarari ta farkon farko a cikin ragowar hasken nan da aka gano a 1965. A 2014 wata tawaga mai aiki da na'urar BICEP2 a ƙarshen kudancin doron ƙasa ta sanar cewa ta ga wannan sawu, amma a 2015, bayan an haɗa awonta da na tauraron ɗan'adam na Planck, aka gano cewa ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu za ta iya bayyana abin da aka gani. Ana ci gaba da neman da na'urori masu ƙarin kaifi, kuma idan aka same shi zai rage yawan nazariyoyin da ke takara kan abin da ya faru a ɗan ƙanƙanin sashe na daƙiƙar farko.